Filash Mai Tayar Da Kwamfuta: Kada Mu Yi Saurin Yar Da Tsohuwa

A wannan wata za mu duba wani ɗan abu da bai fi ɗan yatsa tsawo ba, watau filash ɗin nan da muke zuba hotuna da takardu a ciki, mu ga yadda ake shirya shi har ya iya tayar da kwamfuta.

Ga abin da ya kawo maganar. Ranar 14 ga watan Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma an daina aiko mata da gyare-gyaren da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suke bi, sai fa wadda aka shigar cikin wani shirin ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Ita kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗa masu tsanani, waɗanda yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 ba su cika ba. Mu kuma a zangonninmu, kwamfutocin da ke makarantu da shagunan buga takardu galibi na hannu ne, tsofaffi. To, sai a zubar? A'a. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai wata babbar manhaja ta kyauta mai suna Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara a 1991. Tana da iri-iri, amma wadda muke ganin ta fi sauƙi ga wanda ya saba da Windows ita ce Linux Mint. Ba ta da nauyi, kuma tana zuwa da Firefox na shiga intanet, da LibreOffice na buga wasiƙa da yin lissafi. Da faifai ake ɗora irin wannan manhaja a da. Yanzu filash ya gaje shi.

Abubuwa huɗu ake bukata: filash mai ɗaukar gigabait 8 ko fiye, kwamfuta mai lafiya da ke da intanet, fayil ɗin manhajar wanda ake kira ISO, da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Rufus. Shi ISO, duk manhajar ce aka dunƙule wuri guda, kuma na Mint ya kai kimanin gigabait 3, saboda haka a tanadi data. A sauko da shi daga shafin masu manhajar kaɗai. Na tsintuwa yana iya zuwa da cuta a cikinsa.

A lura, jefa ISO cikin filash kamar yadda ake jefa hoto ba zai yi ba. In aka kunna kwamfuta, akwai wasu umarnin farko da take nema a wani wuri takamaimai, in ba ta same su ba sai ta wuce abinta. Aikin Rufus ke nan, ya shimfiɗa manhajar yadda kwamfuta za ta gane ta.

Ka soka filash, ka buɗe Rufus. A layin sama za ka ga sunan filash ɗin da girmansa. Tsaya ka karanta da kyau, domin duk abin da ke cikin wanda ka zaɓa za a share shi ƙaf. Ya fi kyau ka cire duk wani filash daban kafin ka fara. Sa'an nan ka nuna masa ISO ɗin. Zai ba ka zaɓi tsakanin GPT da MBR: na farko na kwamfutocin da aka ƙera daga wajen 2012 zuwa yau ne, na biyun kuwa na waɗanda suka girme su. Danna START, ka ba shi 'yan mintoci. In aikin ya riƙa tsayawa a hanya, ka tuhumi filash ɗin, gama akwai na jabu a kasuwa waɗanda girman da aka rubuta musu ƙarya ne.

Bayan an gama, kashe tsohuwar kwamfutar, ka soka mata filash, ka kunna, nan take ka yi ta danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A Dell da Lenovo yawanci F12 ne, a HP F9, a Asus kuma Esc. Jerin sunaye zai fito, ka zaɓi filash.

A nan ne amfanin abin yake. Mint za ta tashi daga cikin filash ɗin, ba tare da ta taɓa rumbun ajiyar kwamfutar ba. Sai ka gwada komai a natse: intanet, sauti, da na'urar buga takarda. In bai yi maka ba, kashe ka zare filash, kwamfutarka tana nan yadda ka bar ta. Bugu da ƙari, ran da Windows ta ƙi tashi, da wannan filash za a iya shiga a kwaso takardu, muddin rumbun bai lalace ba, kuma ba a kulle shi ba.

Haɗarin yana wajen ɗorawa ta dindindin. Cikin zaɓin da za a ba ka akwai na share rumbu gaba ɗaya, kuma in ka amince, sakamakon jarrabawar yara, da lissafin bashin shago, da hotunan biki duk sun tafi. Saboda haka kafin komai, kwashe su zuwa wani filash daban, ka buɗe su a wata kwamfuta ka tabbata sun kwafu. Kuma kada a fara sai batir ya cika, domin in wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ana iya rasa tsohuwar manhaja, sabuwar kuma ba ta zauna ba.

Masu shagon zane su sani cewa ba a yi Photoshop da CorelDRAW domin Linux ba, sai su auna kafin su canja. Wanda kuma kwamfutarsa ta cika sharuɗɗan Windows 11, shi ma Rufus zai shirya masa filash ɗinta ta wannan hanya.

Shawararmu ga shugabannin makarantu ita ce, a shirya irin wannan filash guda ɗaya, a manna masa suna, a adana shi a ofis. A wata mai zuwa za mu kawo yadda ake zaunar da Windows da Linux a kwamfuta ɗaya. Mu kwana nan.