Kokawar Marasa Nauyi

Jama'a, na kalli wata kokawar Amurka a talabijin a Makarfi, wadda aka yi ran 14 ga Satumba, 2016, tsakanin T. J. Perkins da Gran Metalik, mutumin Meziko mai rufe fuska. Sharaɗin gasar, kada nauyin mutum ya wuce laba 205. Sun sha tsalle, kāna Perkins ya murɗe wa Metalik gwiwa, ya sallama. Tun kafin a shiga fage an shirya wanda zai ci, wannan kam ban yaba ba.

Amma awon nan, ina roƙon masu shirya kokawar kaka daga Ikara har Kudan su dube shi. Ƙanena siriri ne, aka haɗa shi da ƙato a wani ƙauye, har yau kafaɗarsa ba ta koma daidai ba.