Ina Jakunanmu Suka Shiga?

A wannan fitowa muna so mu yi magana a kan wata dabba wadda kowa ke zagi da sunanta, amma ba wanda ya taɓa ƙin aikinta. Duk wanda ya ba shekara hamsin baya a ƙasar Bichi, ko Tsanyawa, ko Kunci, ko Ɗambatta, ya san lokacin da kukan jaki ke tashin mutane da asuba, hanyar kasuwa kuma ta cika da su tun rana ba ta fito ba. Yara a lokacin sun san aura, sun san duna, sun san goho, kowane da launinsa. Yau akwai unguwannin da za ka ratsa ba ka ga turken jaki ba, sai babura a ƙofar gida. Ra'ayinmu shi ne wannan rashi ya fi yadda muke ɗaukarsa girma, kuma gonakinmu ne za su biya bashin.

Bari mu fara da tafiya, domin da jaki aka san Bahaushe a duniya. Fataken da, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da fata, su bi madugu wata da watanni har Salaga ta ƙasar Gwanja, wadda ke cikin Ghana ta yau, su komo da goro. Unguwannin da ake kira Zango a garuruwan Ghana da Togo sun samo sunansu daga masaukin waɗannan ayari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aikin jaki bai ƙare ba. Gyaɗar da aka yi ta tarawa har ta zama dala a Kano, kafin motoci su yawaita, a bayan jaki da raƙumi take fitowa daga ƙauye.

Amma babban aikin jaki a wurinmu yana gona. Ƙasarmu jigawa ce, mutane kuma sun yi yawa, gida kusa da gida, gona manne da gona. Ba mu da filin da za mu bari ya huta shekara biyu ko uku kamar yadda ake yi a inda daji ke da faɗi. Kowace damina gona ɗaya muke komawa, gero da dawa da wake da gyaɗa. Abin da ya sa ba ta mutu ba shi ne taki. Da rani maigida kan kwashe turken awaki da tumaki, da toka, da sharar gida, a zuba a mangala, jaki ya kai gona, a jera tsibi tsibi ana jiran ruwan shuka. Waɗanda ke kusa da birni kuwa, jakinsu kan shiga Kano da itace ya fito da taki. Wani Baturen Ingila mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi bincike a kan noman kewayen Kano tun shekarun 1960. Abin da ya nuna wa duniya shi ne manoman nan suna noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba ta ƙare ba, saboda dabbobi da taki da itatuwan da suke bari a gona. Abin da masana suka zo daga nesa suna rubutawa, mu a bayan jaki muka gan shi.

To ina jakunan suka shiga? Wasu an sayar an sayi babur. Amma da yawa mota ce ta kwashe su. Daga kasuwanni irin ta Maigatari a Jihar Jigawa, wadda ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, ana loda jakuna zuwa kudu, har Ezzamgbo ta Jihar Ebonyi, inda ake yanka su. Naman ana ci, fatar kuwa ƙasar Sin ake kai ta. Can ana dafa fatar jaki a fitar da wani abu mai danƙo da suke kira ejiao, wanda suke sha a matsayin magani. Sinawa sun fara da nasu jakunan. A farkon shekarun 1990 suna da wajen miliyan 11, zuwa 2021 ba su kai miliyan 2 ba. Da nasu suka yi ƙaranci sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila ta ƙiyasta a 2024 cewa ana yanka jakuna aƙalla miliyan 5.9 kowace shekara a duniya saboda fata.

Maƙwabtanmu sun riga mu farga. A 2016 gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna, bayan da ta ga an fitar da wajen 80,000 tun shekarar ba ta ƙare ba, alhali a 2015 duka 27,000 aka fitar. Burkina Faso ma ta kafa irin wannan doka a shekarar. A watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince a hana yanka jakuna domin fata a nahiyar baki ɗaya. Wannan abin yabo ne. Sai dai doka tana takarda, jaki kuwa yana turken mai shi, kuma shi ne zai ce na sayar ko ban sayar ba.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne jaki ba akuya ba ne. Akuya cikin wata biyar ta haihu, sau da yawa 'ya'ya biyu. Jaka kuwa tana ɗaukar ciki wajen shekara guda, ta haifi ɗa ɗaya, ɗan kuma sai ya yi shekara uku ko fiye kafin ya ɗauki kaya sosai. Saboda haka idan ƙauye ya sayar da jakunansa mata cikin rani ɗaya, sai an yi shekaru kafin a mayar da gurbinsu, in ma an mayar.

Mun san abin da samarinmu za su ce, kuma a cikin maganarsu akwai gaskiya. Babur ya fi sauri. Idan naƙuda ta zo da gardama da tsakar dare, ba mai ɗora mace a jaki zuwa asibitin Bichi alhali ga babur. Jaki yana cin harawa da dusa a lokacin da suke tsada, in ya kwance kuma ya shiga gonar maƙwabci sai rigima. Ga kuɗin makaranta, ga dillali tsaye da kuɗi a hannu. Duk mun yarda. Amma a yi lissafi har ƙarshe. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce 1,000. Wanda ya sayar da jakinsa, duk sawun taki da zai kai gona sai ya biya kuɗin mai ko kuɗin haya. In ba shi da su sai ya rage takin, gonar nesa ma ya bar ta haka. Da kaka in rumbu bai cika ba, sai a ɗora laifin a kan ruwa ko tsadar takin zamani. Wannan shi ne an bar jaki ana dukan taiki.

Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne mata. A gidajenmu mace tana da gayaunarta, ita ke neman ruwa da itace, ita ke kai hatsi niƙa. Gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar mata jaki tana da mataimaki. Wadda ba ta da shi, kanta da bayan 'yarta ne mangala, kuma yarinyar da ta wuni jigilar ruwa ba za ta zauna a aji ba.

Ga shawararmu. Na farko, in dole ta kama a sayar, a sayar da namiji ko tsoho, a bar jaka ko da dillali ya ninka kuɗi. Na biyu, gidan da ba zai iya ciyar da jaki shi kaɗai ba, ya haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku, Kirista ko Musulmi, domin hanyar gona ɗaya muke bi. Na uku, ƙungiyoyin zumuntar mata da ke tara kuɗi suna iya sayen jaka su ba wata gwauruwa kiwo, in ta haihu a miƙa ɗan ga ta gaba, kamar yadda aka saba yi da akuya. Na huɗu, tun da jaki ya yi kuɗi ɓarawo ma ya san haka, a riƙa ɗaure shi cikin gida da dare, masu unguwanni da shugabannin kasuwa kuma su riƙa tambayar shaida kafin a sayi jaki a hannun baƙo. Na biyar, a daina cutar da shi. A sa masa akumari mai laushi, a wanke masa gyambo, a ba shi ruwa, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Mu da muke tunawa kowace shekara da dabbar da Yesu ya hau ya shiga Urushalima ba mu da hujjar wulaƙanta ta.

Ga iyaye kuma, mu daina nuna wa yara cewa kora jaki abin kunya ne. Mai babur ya hau abinsa ya je birni, Allah ya tsare hanya. Amma kafin ruwan shuka ya sauka, kowane maigida ya leƙa turke ya tambayi kansa wa zai kai masa taki gona a bana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.