Tsintuwar Yaro: Hukuncin Yana Wuyan Iyaye

A aikin Hajjin 2023, wata baiwar Allah 'yar Nahuce, a ƙaramar hukumar Bungudu, ta tsinci dala 80,000 a ƙasa mai tsarki, ta miƙa su ga jami'an hukumar alhazan Jihar Zamfara domin a nemo mai su. A watan Satumba na 2023 ɗin kuma, wani matashi mai tuƙa adaidaita sahu a Kano ya mayar da kimanin naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a kekensa, bayan ya ji cigiya a rediyo. Kowa ya yaba musu, kuma sun cancanci yabo. Sai dai irin wannan hali ba rana ɗaya ake samunsa ba. Tun yaro yana shigowa gida da naira ɗari biyar a dunƙule a hannu yana cewa "Inna, ga abin da na tsinta" ake dasa shi, ko kuma a kashe shi.

Amsoshi biyu ne suka fi yawa a gidajenmu, kuma duka biyun ba su gamsar da ni ba. Ta farko ita ce: "Rabonka ne, tsintuwa ai ba sata ba ce." Ta biyu kuma tsoratarwa ce: "Maza ka mayar inda ka gani, kuɗin asiri ne, za a ɓatar da kai." Ta farko tana koya wa yaro cewa duk abin da ido bai gan shi ya ɗauka ba ya zama nasa. Ta biyu tana hana shi ne da tsoro kawai, ranar da ya yi wayo ya gane ba abin da zai same shi, shi ke nan shingen ya faɗi. A cikin amsoshin nan biyu babu wadda ta ambaci mutumin da ya fi kowa muhimmanci a maganar, wato mai kuɗin.

To wane ne mai kuɗin? A Gusau ta yau, ba lalle ba ne ya zama attajiri. Sau da yawa yarinya ce 'yar talla, ta wuni da farantin gyaɗa ko awara a ka, ta ƙulle cinikin a leda ta cusa a gefen zane, sai da ta kai ƙofar gida ta shafa ta ji wayam. Ku dubi yadda take komawa bisa sawunta, ido a ƙasa, tana tona yashi da ƙafa, ga magariba ta kawo kai, ga tsoron abin da zai same ta a gida. Wani lokacin kuma tsoho ne da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu a yankin Tsafe, ya sayar da akuyar da ta rage masa don sayen magani. Mun kuma san gidajen da ake bi dangi-dangi ana harhaɗa kuɗin fansa. A ƙasar da take cikin wannan hali, cewa yaro "rabonka ne" ba tare da an tambayi kowa ba, zalunci ne da aka yi wa ado da sunan rabo.

Addininmu bai bar wannan batu a duhu ba. A hadisin Zaidu bin Khalid Al-Juhani, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya umarci mai tsintuwa ya kiyaye siffar jakar da abin da aka ɗaure ta da shi, sannan ya yi cigiya shekara guda. Ubayyu bin Ka'ab ya tsinci jaka mai dinari 100, shi ma cigiya aka sa shi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta kawo wannan hukunci. Idan shekara ta cika ba a samu mai shi ba, mai tsintuwa zai iya amfani da abin ko ya yi sadaka da shi, amma duk ranar da mai shi ya bayyana, haƙƙinsa yana nan. Tsintuwa amana ce, kuma tunda ba a ɗora wa yaro nauyin shari'a ba, amanar tana komawa wuyan uba ko uwa ko duk wanda yake riƙonsa.

Wani zai ce, yanzu saboda naira hamsin sai a tara jama'a? A'a. Malamai sun ware abin da bai taka kara ya karya ba, wanda mai shi ba zai waiwayo nemansa ba. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga dabino a hanya, abin da kawai ya hana shi ci shi ne tsoron kada ya kasance na sadaka. Saboda haka almajiri ko ɗan gudun hijira da ya tsinci ɗan canjin da bai wuce na ruwan leda ba ya saya ya sha, ba ni da bakin zarginsa. Amma ma'aunin ƙanƙanta ba aljihun mai tsintuwa ba ne, halin wanda ya yar ne. Dubu ɗaya da wani ke ba mai wankin mota, ita ce tuwon daren wani gida a unguwar Tudun Wada.

Abin da nake roƙon iyaye bai da wahala. Idan yaro ya kawo tsintuwa, a fara sa masa albarka da ya faɗa, kada a tarbe shi da tuhuma ko bulala, domin yaron da aka daka yau gobe ɓoyewa zai yi. A tambaye shi inda ya gani. A kama hannunsa a koma wurin tare, a tambayi masu shago da masu tebur na kusa, a gaya wa liman ya sanar bayan salla, a kai maganar ga mai unguwa. Idan kuɗin da yawa, ga gidajen rediyo nan a Gusau. Kada a faɗi adadi wajen cigiya. Duk wanda ya ce nasa ne, ya faɗi nawa ne, 'yan nawa-nawa ne, a cikin me aka ƙulle. Idan mai kuɗin ya ba da tukwici don ransa ya so, a bar yaro ya karɓa, amma kada a mai da tukwici sharaɗi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina kuma kira ga shugabannin makarantun boko da na Islamiyya, daga Gusau zuwa Tsafe da Bungudu, kowace makaranta ta sa malami ɗaya mai karɓar tsintuwa, da littafin da ake rubutawa, a kuma riƙa kiran sunan yaron da ya kawo a gaban 'yan'uwansa a yaba masa. Shugabannin kasuwa da na tasha su ma su yi haka. Muna kukan ma'aikacin da ya ga dukiyar jama'a ba mai gadi ya ce rabonsa ne. Kada mu zama mu ne muka fara koya masa wannan kalmar tun yana ɗan shekara bakwai.