Ba wuƙar lokotoro ke kashe matanmu ba, jinkiri ne



Kwanan baya wani magidanci ya kira cikin shirinmu, ya ce matarsa ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Da suka isa likita, aka ce sai an yi mata sezariyan, sai ya ce a dakata ya shawarci mahaifiyarsa tukuna. Kafin ya dawo ya sa hannu, jaririn ya koma. Matar ta rayu, amma da yoyon fitsari. Tun ranar maganar nan ba ta bar raina ba.

Gaskiya ne fiɗar haihuwa na ƙaruwa a duniya. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce a 2021 kusan haihuwa 21 cikin 100 da fiɗa ake yinta, a Misira ma ta wuce rabi. Amma a Afirka kudu da Sahara wajen 5 ce cikin 100. Ke nan su can damuwarsu yawan yi ne, mu nan damuwarmu mace ta buƙace shi ba ta samu cikin lokaci ba.

Yaushe ake yin aikin? In naƙuda ta yi tsawo kan yaro ya kasa wucewa, musamman ga yarinyar da ƙugunta bai gama girma ba. In yaro ya kwanta a gicciye. In mabiyya ta tare bakin mahaifa, jini na zuba. In hawan jini ya kawo jijjiga. Irin waɗannan, rubutu da jiƙo ba su buɗe hanya.

Aikin kansa ya sauya. Yawanci allura ake yi a baya, ƙasan jiki ya mutu, a yanka a kwance can ƙasan mara. Uwa idonta biyu, tana jin kukan ɗanta na farko.

Ban ce babu haɗari ba. Akwai zubar jini, miki na iya ruɓewa in babu tsabta, kuma tabon mahaifa na iya tsagewa a ciki na gaba. Shi ya sa ake son ta huta kamar shekara 2, kuma haihuwa ta gaba a likita za a yi ta, ko da ta haihu da kanta.

Tun 2005, zamanin Tanja Mamadu, gwamnati ta ce sezariyan kyauta ne a likitocin gwamnati. To dan Allah kyautar ta zama kyauta. In aka miƙa wa talaka takardar magani ta jikkuna cikin dare, gobe maƙwabcinsa ba zai kawo tasa matar ba. Ku ma lokotoro da sajifam, ku bayyana wa mutane dalili da Hausa, ba da faransanci ba.

Mu maza kuwa, mu bar mata su je awo, mu tanadi kuɗin mota tun ciki na wata 7, kuma mai tafiya cirani ya bar izini a gida. Iyayenmu mata, ku daina kiran wadda aka yi wa aiki raguwa. Ku je Danja kusa da Maraɗi ku ga matan da ke jiran a ɗinke masu yoyo, ku tambaye su kwana nawa suka yi suna jurewa a ɗaka.

Allah ya sauki masu ciki lafiya.