Bashin Karatu da Makomar Ɗalibin Jarida a Amurka

Duk wanda ya yi nazarin halin ɗaliban Amurka, musamman waɗanda suka karanci aikin jarida da sadarwa, lalle zai tarar da al'amari mai sosa rai, domin bashin karatun da ke wuyan jama'ar ƙasar ya kai kimanin dala tiriliyan 1.7, alhali kasuwar da ɗalibin jarida yake fatan shiga kullum tsukewa take yi. Cibiyar bincike ta Pew ta ƙididdige cewa tsakanin 2008 da 2020 ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridu sun ragu daga kusan 71,000 zuwa 31,000, bayan da kuɗin talla ya ƙaura zuwa Google da Facebook.

Hujja mafi tsanani ta bayyana a 2021 daga fannin fim, makusancin aikin sadarwa, sa'ad da jaridar Wall Street Journal, bisa alƙaluman Ma'aikatar Ilimi ta Amurka, ta nuna cewa masu digiri na biyu a fannin fim daga Jami'ar Kolambiya da suka ci bashin gwamnati, matsakaicin abin da ake bin su dala 181,000 ne, amma bayan shekara 2 da kammala karatu rabinsu ba su samun dala 30,000 a shekara. Ka dubi matashi mai irin wannan digiri da ke tace hoton bikin aure da tsakar dare, ruwan bashi yana hauhawa a kansa.

A ganina ilimin ba shi da aibi. Jami'ar da ta san wannan hisabi, ta karɓi kuɗi ba tare da bayani ba, ita ce ta ci amana. Wannan darasi ne gare mu: tun da Nijeriya ta fara ba da rancen karatu ta asusun NELFUND a 2024, ko da yake babu riba a cikinsa, wajibi ne jami'o'inmu su bayyana wa ɗalibi albashin waɗanda suka gabace shi kafin ya sa hannu.