Darasi Ɗaya Bai Isa Ya Cinye Shekarar Yaro Ba

Ranar 4 ga Agustan 2025 hukumar WAEC ta saki sakamakon jarrabawar kammala sakandare, ta ce cikin ɗalibai 1,969,313 da suka zauna, kashi 38.32 cikin ɗari ne kacal suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, alhali a 2024 kashi 72.12 ne. Bayan kwana huɗu hukumar ta dawo tana ba da haƙuri, ta ce an tafka kuskure wajen duba wata takardar Turanci, ta mayar da adadin kashi 62.96. Ke nan yara sama da dubu 480 aka fara shaida wa iyayensu cewa takardarsu ba ta cika ba, kuma ta cika. Darasin Turancin nan kuwa shi ne wanda a watan Mayu ɗalibai suka rubuta da dare a wasu cibiyoyi, da hasken waya da kyandir, saboda takardun tambaya ba su iso da wuri ba.

Abin ya girgiza gidaje ne saboda nauyin da ƙa'idar shiga jami'a ta ɗora wa darasi guda. Ana neman kiredit biyar, har da Turanci, a darussan da suka dace da kwas ɗin da yaro ke so, a zama ɗaya ko biyu, daga WAEC ko NECO ko NABTEB ko NBAIS. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. Na ƙasa da shi, D7 da E8, a takarda sunansu ci, amma a ƙofar jami'a ba su da maraba da F9. Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon intanet ranar da sakamako ya fito ya san yadda abin yake. Yarinya ta karɓi takardar da aka buga mata, yatsanta na bin layi: B2 a Kimiyyar Halittu, B3 a Kemistiri, C4 a Fizis, C5 a Lissafi, A1 a Hausa, sai ya tsaya cak a kan D7 ta Turanci. Tsakaninta da C6 wataƙila maki biyu ne ko uku. Ta naɗe takardar ta tura ƙarƙashin hijabi, a gida kuma abin da za a ce shi ne, "Ba ta samu Turanci ba, sai ta gyara."

Gyaran nan shi ne inda ɓarnar take. Makin jarrabawar shiga jami'a ta JAMB na shekara ɗaya ne. Yaro ya ci 260 cikin 400, jami'ar da ya zaɓa ta tantance shi, amma muddin bai ɗora cikakken sakamakon sakandare a shafin hukumar ba, gurbin ba zai fito ba. Zama mafi kusa da zai sake darasin shi ne jarrabawar ɗalibai masu zaman kansu ta ƙarshen shekara, wadda sakamakonta ba ya fitowa sai sabuwar shekara ta kama, lokacin da yawancin jami'o'i sun rufe ɗauka. Sai uba ya sake biyan kuɗin rajista, ya sake sayen fom ɗin JAMB, ya sake biyan kuɗin lesin, ga kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa. A gidan mai hali wannan ɗan jinkiri ne. A gidan manomi ko ɗan ƙwadago, sau da yawa nan karatun yake tsayawa: namiji ya bi yayansa kasuwa ko ya karɓi tuƙin adaidaita sahu da niyyar "kafin baɗi", mace kuma zaman gidan ya yi tsawo har maganar makaranta ta bi ruwa. Mai neman likitanci nasa ya fi tsanani, domin jami'o'i da dama ba sa karɓar zama biyu a wannan kwas. Darasi ɗaya ya zame masa, sai ya sake duka biyar ɗin.

Akwai kuma waɗanda aka bari suka shige da giɓin. Wasu kwalejoji kan ɗauki ɗalibi bisa alkawarin zai gyara takardarsa kafin ya gama. Ya shiga hidimar karatu ya manta, makarantar ma ta yi shiru tana karɓar kuɗin zango, sai ranar tantancewar ƙarshe a buɗe fayil a ce masa ba shaidar kammalawa sai ya kawo kiredit ɗin Turanci ko Lissafi. Mutumin da ya gama difloma ko NCE ya koma benci tare da sa'o'in ƙannensa. Wannan sakaci ne na makarantun, kuma bai kamata hukumomin da ke sa musu ido su ci gaba da kau da kai ba. Shekarun da ke zubewa ta haka suna da farashi a gaba: wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi, guraben aiki da yawa kuma suna da iyakar shekaru.

Ba muna cewa a soke sharaɗin Turanci ba ne. Da Turanci ake lacca, da shi aka rubuta littattafan, da shi za a yi jarrabawar kowane zango. Wanda ba ya iya karanta shafi ya fahimta, in an tura shi aji ɗaya na jami'a an cuce shi, don kwasa-kwasan da zai riƙa maimaitawa za su fi D7 ɗin ciwo. Abin da muke ƙi shi ne a ce cikin duk masu hannu a faɗuwar, yaron kaɗai ke biyan tara. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 gwaji da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya. Kowa na da ra'ayinsa kan korar da ta biyo baya, amma ba wanda zai ce matsalar a Kaduna kaɗai take. Akwai makarantun gwamnati a karkara da malamin Lissafi ɗaya ke riƙe da azuzuwa shida, akwai waɗanda ɗan bautar ƙasa ne malamin Turancinsu, in ya tafi sai a jira na gaba. An kuma sha riƙe sakamakon ɗaliban wasu jihohin Arewa watanni saboda gwamnatocinsu ba su biya hukumar jarrabawa bashinta ba, har lokacin ɗauka ya wuce. Ba mu taɓa jin kwamishinan da ya rasa kujerarsa a kan haka ba.

Tsoron darasi ɗayan nan ne kuma ke ciyar da cibiyoyin satar amsa. Uban da ya ga ɗansa ya faɗi Lissafi sau biyu, a karo na uku sai a raɗa masa sunan wata makarantar kuɗi a bayan gari inda ake rubuta amsa a allo. Ya sayar da tunkiya ya biya, kiredit ya fito, ilmin bai zo ba.

A watan Oktoban 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, ƙarƙashin minista Tunji Alausa, ta sassauta ƙa'idar: Lissafi ya daina zama dole ga masu neman kwasa-kwasan adabi da harsuna da makamantansu, ya ci gaba da zama dole a kimiyya da fasaha da kimiyyar zamantakewa, difloma da NCE kuma kiredit huɗu ya wadatar. Muna ganin an yi daidai. Babu hujjar hana hazikin ɗalibin Larabci ko Hausa ko Tarihi karatu saboda D7 a Lissafi. Sai dai muna jan kunnen iyaye da ɗalibai kada su ɗauka an yafe darasin. Ma'aikatar da kanta ta fito ta bayyana cewa kowane ɗalibi sai ya yi rajista ya zauna Turanci da Lissafi. Kuma takardar sakandare ba a ƙofar jami'a kaɗai ake neman ta ba: mai neman aikin ɗan sanda, alal misali, kiredit biyar har da darussan nan biyu ake tambayarsa. Ga kuma kowace jami'a da nata sharuɗɗan, don haka a karanta kundin JAMB da kyau kafin a zaɓi kwas.

Sassaucin bai taɓa asalin ciwon ba, wato tsawon jiran gyara. Maƙwabtanmu na Nijar suna da abin koyi a nan. A jarrabawar bakaloriya, ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da makinsa ya ɗan gaza ana ba shi zagaye na biyu cikin 'yan kwanaki, in ya haye ya bi sahun abokansa a shekarar. Tsarinsu ba irin namu ba ne, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa daidai ne: wanda ya kusa kaiwa a ba shi dama nan take. WAEC ta fara yi wa ɗalibai masu zaman kansu jarrabawa da kwamfuta tun 2024, JAMB kuma tana da cibiyoyi a kowace jiha. Me zai hana a shirya zaman gyara na Turanci da Lissafi a watan Satumba ko Oktoba, a kan kuɗin darasi ɗaya, sakamako ya fito cikin mako biyu, JAMB kuma ta umarci jami'o'i su riƙe gurbin wanda darasi ɗaya ne kawai ya rage masa har zuwa lokacin? Kuma tunda WAEC ta nuna da kanta cewa tana iya kuskuren da zai shafi dubban ɗaruruwa, neman a sake duba takarda ya kamata ya zama mai sauƙi da araha, da wa'adin amsa sananne.

Jihohi ba sai sun jira Abuja ba. Kano da wasu jihohin suna yi wa 'yan aji biyu na babbar sakandare jarrabawar tantancewa don zaɓen waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin jarrabawar ƙarshe. Sakamakon nan yana nuna, shekara guda kafin lokaci, wane yaro ne ke rarrafe a Turanci, wace makaranta ce Lissafi ya durƙushe a cikinta. A yanzu ana amfani da shi ne a ware wanda za a biya wa da wanda za a bari. Muna kira ga ma'aikatun ilmi su miƙa wa kowane shugaban makaranta sunayen waɗannan yara, su tura malaman darussan biyu makarantun da alƙaluman suka nuna, su buɗe azuzuwan ƙari a dogon hutu, sannan su sa kuɗin zaman gyara na ɗaliban makarantun gwamnati cikin kasafin baɗi.