DUNIYAR SAUTI: Kafin ka kushe waƙar fim, duba iyafis ɗinka

A wannan watan ba labarin lokeshin na kawo maku ba, ba kuma rigimar furodusa da darakta ba. Magana ce a kan wani ɗan mitsitsin abu da ke cikin aljihun kusan kowane saurayi da jakar kowace budurwa, wato iyafis, abin da muke sokawa a kunne mu ji waƙa ko mu kalli fim a waya.

Wani zai ce to me ya haɗa mujallar fim da iyafis? Abin da ya haɗa su shi ne, yanayin kallo ya canza. Daga 1990 da aka fitar da Turmin Danya, har zuwa 1999 lokacin da waƙar Sangaya ta cika gari, fim abu ne na taro. A sako kaset a bidiyo, a zauna a falo ko a tsakar gida, sautin ya fito daga talabijin kowa ya ji. Amma daga 2020 da su Izzar So da Labarina suka karɓe kasuwa, yawancin matasa a waya suke kallo, kowa shi kaɗai. Ke nan silimar ta koma cikin kunne. Duk wahalar da mai kiɗa ya sha a kan fiyano, duk daren da aka raba a situdiyo ana gyara muryar Umar M. Shareef ko Nura M. Inuwa ko Fati Nijar, ƙarshenta ta cikin wannan ɗan abu za ta bi kafin ta iso gare ka. In shi ɗin rago ne, sai ka ji rabin aiki, ka zauna a majalisa kana cewa waƙar bana ba ta da daɗi.

Abin da nake so mu fahimta a yau shi ne, yawancin matsalar sauti ba ta kuɗi ba ce. Da ɗan gyara kaɗan iyafis mai araha zai iya kada mai tsada da ba a iya amfani da shi ba.

Iri nawa ne?

In ka shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a nan Kaduna, ko Farm Centre a Kano, ko ma ka tsaya wajen masu teburin kayan waya a nan Kurmin Mashi, iri uku za ka fi gani.

Na farko shi ne mai faɗin kai, wanda ke zama a bakin kunne ba ya shiga ciki. Ba ya gajiyar da kunne, kuma za ka ji in ana kiran ka. Illarsa ita ce bes, wato wannan duka mai nauyi na ƙasa-ƙasa, yana zurarewa ta gefe, hayaniyar waje kuma tana shigowa yadda ta ga dama.

Na biyu shi ne mai robar da ke shiga cikin ramin kunne ta toshe shi. Wannan ya fi riƙe bes, ya fi tare hayaniya. Shi ne masu ƙwaƙƙwafin sauti suka fi yayi.

Na uku shi ne marar igiya, na bulutut. Tun da kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 a 2016 wannan nau'i ya cika duniya, duk da cewa wayoyi da yawa na Tecno da Infinix da itel har yanzu suna zuwa da ramin. Yana da daɗin yawo, babu igiyar da za ta sarƙe. Amma ka sani, bulutut sai ya matse sautin kafin ya aika, batirinsa yana mutuwa a hankali, kuma wani lokaci murya tana makara, ka ga bakin jaruma ya motsa sannan maganar ta biyo baya. In hakan ta same ka, manhajar VLC da MX Player suna da wurin da ake matso da sauti gaba ko baya har ya daidaita da hoto.

A cikin kowanne akwai 'yar sifika. Mafi yawa irin ta rediyo ce aka ƙanƙanta, mai maganaɗisu da siririn nadin waya da ɗan faifai mai kaɗawa. Akwai kuma wata ƙarama da asalinta daga na'urar taimaka wa masu matsalar ji aka ɗauko ta, wadda ta ƙware wajen fitar da siririn sauti. Wasu kamfanonin Chana irin su KZ suna cusa uku ko biyar a kunne ɗaya, su rubuta a kwali da manyan baƙi. Kada yawan ya ruɗe ka. Moondrop Chu da ya fito a 2022 sifika ɗaya tak gare shi, kuɗinsa a lokacin wajen dala 20, amma ya yi suna a wajen masu sauraro na duniya saboda an daidaita sautinsa da kyau. Kafin shi ma an yi VE Monk, mai faɗin kai, na dala 5, wanda ya ba masu tsada kunya.

Yadda ake gwada biyu

Mai shago ya san lagon saurayi. Zai soka maka iyafis, ya ƙure ƙara, ya sako waƙa mai duka, ka ji kanka yana girgiza, ka ce yauwa, wannan shi ne! To a nan aka ci ka. Kunnen ɗan Adam yana ɗaukar abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, ko da ba haka ba ne. Saboda haka in za ka gwada guda biyu, ka yi da wayarka, da waƙa ɗaya da ka haddace, kuma ka daidaita ƙarar su zo ɗaya.

Sannan ka saurari abu uku. Na ɗaya, murya. Kana jin kowace kalma ba tare da ka ƙara ƙara ba? Wannan shi ne mafi muhimmanci a wajenmu, domin waƙar Hausa waƙar baiti ce. Ana iya rawa da waƙar da ba a jin kalmominta, amma waƙar soyayya ta fim in ba ka ji abin da saurayi ya ce da amsar da budurwa ta ba shi ba, me ka ji? Na biyu, kiɗa. Ya kamata ka iya bambance kalangu da gangar fiyano da bes, kowanne a wurinsa, ba su dunƙule su zama dum-dum kawai ba. Na uku, kaifi. Ka kula da inda mawaƙi ya furta "s" da "sh" da "ts". In suna sukar kunne kamar allura, ajiye shi. Yawancin waƙoƙinmu na yanzu ana bi da muryar ta kwamfuta, ga muryoyin mata masu zaƙi da tsini, don haka iyafis mai kaifi da yawa zai sa ka ciwon kai kafin ka gama waƙa uku.

Yawancin masu araha an yi su ne da bes mai yawa da kaifi mai yawa, tsakiya kuwa, inda murya take zaune, an danne ta. Shi ya sa suke burgewa a minti ɗaya na farko, su gundure ka bayan awa guda.

Gyaran da za ka yi da hannunka

Mu 'yan Kaduna ba a koya mana gyara, garin da ke da Panteka. To ga gyare-gyaren da ba sa buƙatar kuɗi sosai.

Fara da robar kunne. Wallahi wannan ita ce rabin magana. Yawancin iyafis suna zuwa da roba kala uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, amma mutane da kwalin suke jefar da sauran. In robar ta yi maka ƙaranci iska tana fita, bes ya gudu, sautin ya zama kamar na gwangwani. Gwada dukkan ukun. Alamar ka dace ita ce da ka saka, tun kafin ka kunna komai, za ka ji hayaniyar waje ta ragu. Kuma ba dole ba ne kunnuwanka biyu su ɗauki girma ɗaya. Robar da ke da faffaɗan rami takan ƙara buɗe siririn sauti, mai ƙaramin rami kuma takan rage shi. Akwai ta soso wadda ake matsewa a tura, ta kumbura a ciki. Ta fi toshe hayaniya kuma tana rage kaifi, sai dai ba ta daɗewa.

In mai faɗin kai gare ka, ka sa masa rigar soso. Za ta riƙe shi a kunne ta ƙara masa nauyin sauti. In ka ga murya ta dusashe, sai ka huda ɗan rami a tsakiyar soson, ka samu duka biyun.

Na gaba, tsafta. Sau nawa ka ji wani yana cewa kunne ɗaya ya rage ƙara, iyafis ya lalace? Sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, dattin kunne ne da ƙurar hunturu suka toshe 'yar ragar da ke bakinsa. Cire robar ka wanke ta daban, ta bushe. Ragar kuma ka juya ta ƙasa ka goge da busasshen burushin haƙori mai laushi. Kada ka tura allura ko tsinke, za ka fasa ta.

Akwai kuma wani gyara na masu ƙarfin hali. A jikin iyafis da yawa za ka ga wani ɗan rami kamar bakin allura kusa da hancinsa, na shan iska ne. In ka rufe shi da 'yar filastar asibiti mai kama da takarda, bes yakan ƙaru. Amma ka yi hattara, ramin ba a banza aka yi shi ba. In ka ji matsi a kunne ko wani ƙas-ƙas lokacin sakawa, cire filastar. Kuma kada ka kuskura ka sa gam, domin ba ya komawa.

Igiya fa? In ta tsinke a wajen kan da ake sokawa, mai gyaran rediyo ko waya zai iya yanke ta ya liƙa sabon kai da dalma. Wasu iyafis ma igiyarsu cirewa ake yi a sauya. Amma kada wani ya sayar maka da igiya mai tsada da sunan za ta ƙara daɗin sauti. Sayi mai ƙwari don ta daɗe, shi ke nan.

Sai ikwalaiza, wadda ke cikin yawancin wayoyi da manhajojin jin waƙa. Matasa da yawa tura komai sama suke yi, sautin ya fashe. Ka'idar ita ce ragewa ta fi ƙarawa. In murya ta nutse, rage wajen 125 da 250 kaɗan. In kaifi ya dame ka, rage wajen 8,000. Masu Android kuma akwai manhajar Wavelet, wadda ke ɗauke da gyaran da aka auna wa dubban iyafis, in naka na cikin jerin sai ka zaɓa kawai.

Ita kanta waƙar fa?

Ko iyafis ɗin zinare ne, ba zai fitar da abin da babu a cikin waƙar ba. Waƙar minti 5 da aka matse a kan 128 nauyinta bai kai megabait 5 ba, wadda aka yi a kan 320 kuwa takan kai 12. Bambancin nan sauti ne aka zubar. Abin ya fi muni ga waƙar da aka ciro daga bidiyon da ya zaga WhatsApp, aka juya ta, aka sake juyawa, sannan mai turawa ya zuba maka a memori. Kuma mayar da ita 320 daga baya ba ya dawo da abin da ya tafi. Ka nemi waƙa daga shafin mawaƙin na YouTube ko Audiomack. Ka ji mai kyau, shi ma ya samu masu sauraro a lissafinsa, maimakon gumin nasa ya ƙare a hannun masu satar fasaha.

Kunne ba shi da sifiya

Ga inda maganar ta fi nauyi. Wanda ke zaune kusa da titin Baifas ya san yadda tirela da janareto da masu Keke suke cika kunne. Da hayaniya ta taso sai hannu ya tafi wajen ƙara ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2022 cewa matasa fiye da biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda ƙara mai yawa. A ma'auninta, babba zai iya jin sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako, amma in ya kai 90 awa 4 kacal ya rage masa. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa. In ka cire iyafis ka ji kunnenka yana wani "tiii", gargaɗi ne.

A nan ne gyaran roba ya zama riba biyu. Wanda ya toshe hayaniya da robar da ta dace ba ya buƙatar ƙure ƙara, kashi 60 cikin 100 ya ishe shi. Sai dai don Allah, in za ka tsallaka titi ko kana kan babur, cire shi. Haka kuma a rage aron iyafis tsakanin abokai, in dole ne a goge robar tukuna.

Saboda haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ki fasa asusu ki sayi sabo, kafin ka ce mai kiɗan bai iya ba, ku gwada robar nan uku, ku goge raga, ku nemo waƙa mai kyau, ku rage ƙara. Wanda ya gwada ya ji bambanci, ya rubuto mana ya faɗi waƙar da ya yi gwajin da ita.

Allah ya kare mana jinmu da ganinmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.